Gyaran ɗakin taro na unguwa don rage zafi da kuɗin wuta: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan kwamitin unguwa suka fi yi idan maganar gyaran ɗakin taro ta taso, musamman tunda fetur da wuta suka yi tashin gwauron zabi. Irin ɗakin taron da kowa ya sani nake nufi, daga Kano da Katsina da Zariya har Maraɗi da Damagaram, wato ginin bulo da siminti, rufin kwano, fankoki goma sha wani abu a sama rabinsu basa juyawa, ga janareto a bayan gini yana hayaƙi. Nan ake walima da taron ƙungiya da sulhu da rigakafin yara, wani lokacin har karatun manya.

Mu dai sola muke so mu saka, me kuma ya kawo maganar rufi da tagogi?

Wannan ita ce tambayar farko kullum, kuma gaskiya ban ga laifin mai yinta ba. Tunda aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san abinda kunna janareto na awa biyar yake ci, sannan a Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 duk yunit ɗaya, daga baya aka ɗan sauko da shi amma dai a shekarar bai sauka ƙasa da 200 ba, ga kuma duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024 lokacin da manyan layukan da ke kawo mana wuta suka samu matsala aka yi kwanaki babu ko ƙyalli. To dole hankalin kowa ya koma sola.

Amma fa kuɗin sola yana bin yawan wutar da ginin yake sha ne. Idan ɗakin yana ɗaukar zafi kamar tanda, fankokin tsofaffi ne masu shan wuta, fitilun ma haka, to dole ku sayi faranti da batir ninki biyu na abinda ya kamata, kuma duk da haka mutane zasu zauna suna fifita da takardar gayyata. Shi yasa nake cewa a fara da hana zafin shigowa, sannan a rage abinda ke shan wuta, sola ta zo a ƙarshe. In aka bi haka ƙaramar sola ma ta isa.

To ta ina zamu fara?

Da biro da takarda. Mutum biyu su zagaya su rubuta duk abinda ake jonawa a wuta: fanka nawa, kwan fitila nawa, lasifika, firiza in akwai, famfon tura ruwa, da wat nawa aka rubuta a jikin kowanne da kuma awa nawa yake aiki a mako. Ku duba littafin ma'aji ku ga lita nawa ake saye a wata, in kuna da mitar kati ku duba yunit nawa take tafiya. Sannan ku samu ɗan ma'aunin zafi ku auna cikin ɗakin da ƙarfe uku na rana da kuma bayan magariba, ku auna na waje a inuwa a daidai lokacin. In cikin ya fi wajen zafi da rana, rufinku ne. In kuma da daddare waje ya yi sanyi amma ciki yana nan da hucinsa, bango ne ya riƙe zafi kuma iska bata samun hanyar fita.

Me za a yi wa rufin kwano?

Nan ne ya kamata kuɗi na farko su tafi, domin a ɗaki mai hawa ɗaya mai faɗi yawancin zafin ta sama yake saukowa. Kwano mai duhu ko wanda ya yi tsatsa a watan Afrilu yana iya kaiwa digiri 70 da tsakar rana, kowa ya taɓa ganin yadda kafinta ke gudun hawa rufi bayan hantsi.

Abu mafi arha shi ne a wanke kwanon, a kankare tsatsa, a toshe inda yake yoyo, a shafa masa farin fenti na rufi. Fari yana mayar da yawancin hasken rana sama tun kafin ya zama zafi. Matsalarsa ɗaya, ƙurar hunturu tana dusashe shi, saboda haka sai ana wankewa kuma bayan wasu shekaru a sake shafawa. In dama canza kwanon zakuyi gaba ɗaya, don Allah ku bar baƙi da ruwan ƙasa da shuɗin nan mai duhu da ake yayi, na san suna da kyau a hoto amma ku zaɓi fari ko mai haske.

Na biyu a sa abin tare zafi tsakanin kwano da silin. Akwai mai ƙyalli irin na alminiyom da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano, shi wannan sai an bar masa tazara ta iska a gefen da yake ƙyallin, in aka manna shi da kwano ko da silin babu tazara aikinsa ya ragu sosai. Akwai kuma mai kauri kamar auduga da ake shimfiɗawa a saman silin, ya fi tsada amma ya fi aiki. Shi kuma farin soso mai ƙwaya-ƙwaya da ake samu cikin kwalin firij, ku yi hattara da shi a wurin da jama'a ke taruwa, yana cin wuta kuma hayaƙinsa mugu ne.

Na uku wanda kusan kowa ke mantawa, a bar wa iskar da ke cikin rufi hanyar fita. Maginanmu sun saba toshe ko'ina ruf saboda jemage da tattabaru, sai iska mai zafi ta taru tsakanin kwano da silin ta rasa inda zata bi sai ƙasa. A buɗe ƙofofin iska a ƙarƙashin bakin rufi da kuma can saman kusurwa a sa musu raga, shikenan jemage bai shiga ba iska kuma ta wuce.

Silin ɗinmu tsohon asbestos ne, mu farfasa mu sa POP?

Kar ku farfasa shi da guduma. Tsofaffin allunan nan da aka yi ginin gwamnati da makarantu da su da yawansu suna ɗauke da asbestos, idan suna nan lafiya ba a taɓa su ba haɗarinsu kaɗan ne, ƙurarsu ce idan an fasa ko an yanka take shiga huhu ta kawo cuta bayan shekaru masu yawa har da kansa. In basu lalace ba ku shafa musu fenti ku barsu. In dole sai an cire, a jiƙa su da ruwa, a kwance ɗaya bayan ɗaya ba tare da karyawa ba, masu aiki su rufe hanci da abin kariya na ƙwarai, a kori yara daga wurin, kuma kar a bari wani ya kwashe gida wai zai yi ɗakin kaji. POP ko PVC duk suna yi, amma su kaɗai basa tare zafi sosai sai an haɗa da abinda na faɗa a sama. Kuma kar a sauko da silin ƙasa don ado, tsawon ɗaki rahama ne.

Wani yace mu canza tagogin zuwa silaidin na gilashi, ya kuke gani?

Ni dai ban goyi baya ba in dai ba esi zaku saka ba. Silaidin komai girmansa rabinsa kawai yake buɗuwa, kenan kun rage iskar ɗakin da rabi kun biya kuɗi a kai. Taga mai buɗewa waje gaba ɗaya ko mai jerin gilasai da ake ɗagawa ta fi dacewa da ɗakin taro. Abinda ake so tagogi su kalli juna a bango biyu iska ta ratsa, sannan a samu wasu ƙanana can sama kusa da silin, ko bulo mai huji da raga, domin iska mai zafi sama take hawa. Waɗannan na saman su ake bari a buɗe da daddare, ginin ya huce kafin safiya.

Bangon yamma shi ne babban abokin gaba, daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana tana dukansa kai tsaye kuma bulo yana riƙe zafin har bayan isha'i. A yi masa baranda ko rumfa, a shafa masa farin fenti ko ruwan madara, a dasa darbejiya ko mangwaro ɗan nesa da tushen gini yadda saiwa bazata taɓa shi ba. Rumfar ma tana da wani amfanin, nan mata da yara ke tsayawa in ciki ya cika. A tuna dai kar itacen ya zo ya yi wa farantan sola inuwa nan gaba, tun yanzu a tsara wanne gefe ne na wa.

Da gaske canza fanka da kwan fitila yana kawo wani bambanci?

Bari mu yi lissafi da misali. Ace ɗaki yana da fankar sama 20 irin ta da, kowacce tana shan kamar wat 75, ya zama 1,500. Dogayen fitilu 30 masu cok kowacce kamar wat 40, ya zama 1,200. Lasifika da amfilifaya ace 500. Jimla wat 3,200, in anyi taron awa biyar an sha yunit 16, tunda yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa ɗaya.

Yanzu a canza fankokin zuwa sababbin nan masu injin DC da ke shan kamar wat 30, ya zama 600. Fitilu a mayar da su LED masu wat 18, ya zama 540. Lasifika tana nan yadda take. Jimla 1,640, taron awa biyar yunit 8 da ɗan kai. An rage kusan rabi ba a taɓa komai na jin daɗi ba, kuma wannan rabin shi ne rabin batiran da bazaku saya ba. A raba makunnai kuma, kar ace makunni ɗaya ne ke tada duk fankokin, taron mutum goma sha biyu na 'yan kwamiti baya buƙatar fanka 20. A kasuwa kuma a kula, akwai kwan LED da aka rubuta wat 30 a kwali alhali ko rabin haka bai kai ba, ku sayi ɗaya ku gwada kafin ku ɗauki katan.

Alhaji yace zai bamu kyautar esi guda huɗu, mu karɓa?

Ku gode masa sosai, sannan ku tura dattijo ɗaya da yake jin maganarsa ya roƙe shi ya juya kuɗin zuwa rufi. Dalili kuwa, mutum ɗaya a zaune jikinsa yana fitar da zafi kamar wat 100, mutum 300 kenan kilowat 30, ita kuma esi mai doki ɗaya da rabi zafin da take iya cirewa kamar kilowat 3.5 ne. Kenan kusan tara ake buƙata don zafin jikin mutane kawai, ba a sa na rufi da bango da ƙofar da yara ke buɗewa duk minti ɗaya ba. Guda huɗu zasu yi ta aiki ba hutu, kowacce tana shan sama da kilowat ɗaya, ɗakin kuma bazai yi sanyi ba. In akwai ƙaramin ofis ko ɗakin da amarya ke shiryawa, to a sa ɗaya a nan, mai inbata, wato irin mai tsimin wuta, ta wadatar.

Na'urar nan mai sanyaya iska da ruwa fa?

Tana yi a ƙasarmu, daga Fabrairu zuwa Mayu lokacin da iska ta bushe, kuma wutar da take sha kaɗan ce in aka kwatanta da esi. Da damina ta kankama a Yuli da Agusta amfaninta ya ragu, sai dai ta ƙara muku danshi. Ana barin taga a buɗe in tana aiki, kuma a riƙa zubar da ruwan ciki ana wankewa saboda sauro da wari.

To yanzu sola, faranti nawa batir nawa?

Ya danganta da lissafin da kuka yi a farko, duk mai sakawar da ya faɗa muku kuɗi a waya bai zo ya ga ɗakin ba ku nemi wani. Amma ga yadda ake kintata. A yankinmu ana samun kamar awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana, faranti mai wat 550 bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya yana bada kamar yunit 2 a yini. Misalinmu na yunit 8 kenan faranti biyar ko shida sun riƙe shi. Su kalli kudu da ɗan karkata kamar digiri 10 zuwa 15, kar a kwantar dasu shamal don ruwan sama ya riƙa wanke su, kuma kafinta ya fara duba katakon rufin ko gara ta ci kafin a ɗora nauyi.

Batir shi ne inda kuɗin yake. Na ruwa mai 200Ah da bolt 12 yana ɗaukar yunit 2.4 amma rabi kawai ake so a sha in ana son ya yi ƙarko, kenan yunit 8 na dare sai kamar guda bakwai ko takwas, da ba a canza fankoki ba da sai goma sha uku ko sha huɗu. Na litiyom ya fi tsada a saye amma ana shan kusan kashi 80 zuwa 90 nasa, baya son ƙarin ruwa, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Ga ɗakin jama'a inda babu wanda zai tuna ya duba ruwan batir, ni litiyom nake zaɓa. Kowanne kuka saya zafi yana rage masa kwana, kar a kulle shi a ɗan sito mara taga a bangon yamma. In kuma yawancin taronku da rana ne, ku ƙara faranti ku rage batir.

Janareton mu sayar?

A'a ku barshi, akwai ranar babban biki da masu kiɗa zasu zo da nasu kayan, akwai kuma kwanakin hazo. Kawai a sa makunnin canji mai kyau yadda bazai taɓa haɗuwa da wutar layi ko ta inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida, ba, kuma a ajiye shi a fili nesa da taga, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ji warin komai ba.

Wayarin ɗin tun na da ne, dole sai an sake?

A kira mai aikin wuta da ke da shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki a Najeriya, ya gwada. Abinda aka fi samu shi ne jone-jonen da aka yi ta ƙarawa duk shekara an naɗe da leda, babu wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, fis an ɗaure shi da zaren waya. Tunda an buɗe silin wannan ne lokacin gyarawa, in an rufe sai an sake fasawa. A kula da waya ta jabu wadda ciki ba tagulla zalla bace, tana zafi tana cin wuta a banza kuma ita ce ke jawo gobara. A duba ƙofofi ma, su riƙa buɗewa waje kuma kar a sa wa ta baya kwaɗo ana tsakiyar taro.

Namu ginin ƙasa ne tsoho, matasa sunce a rushe a yi na bulo.

Kafin ku rushe ku nemi hoton abinda aka yi a Dandaji a jamhuriyar Nijar. Tsohon masallacin garin na ƙasa ne, aikin Falke Barmu, maginin da ya gina masallacin Yama wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Maimakon a rushe shi, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka gyara shi ya zama ɗakin karatu da wurin haɗuwar jama'a, aka gina sabon masallaci a gefe da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Katanga mai kauri ta ƙasa tana jinkirta zafin rana, kafin ya ratso ciki dare ya yi, shi yasa soron kakanninmu ke da sanyi da azahar, wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano da bazara ya san haka. Abinda ke kashe ginin ƙasa ruwa ne, daga sama da kuma daga tushe. A gyara indararo, a ɗaga dandamali a gefen bango, a yi yaɓe a kan lokaci. Shafe shi da siminti kai tsaye kuma yakan riƙe danshi a ciki har wata rana ya ɓalle da ƙasar gaba ɗaya, a nemi magini da ya san aikin ƙasa.

Akwai wata doka da ta shafi wannan?

Akwai ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da ma'aikatar wuta da ayyuka da gidaje ta tarayya ta ƙaddamar a 2017 da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. Cikin abinda ta tanada akwai sa abin tare zafi a rufi, da kar gilashi ya wuce kashi 20 na bango sai in an yi masa inuwa, da amfani da esi mai inbata. An fi nufin sababbin gine-gine da ita, amma tana da amfani ku nuna wa ɗan kwangila in ya fara gardama. In zaku taɓa ginshiƙi ko ku ƙara baranda, ku nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, da izinin hukumar tsara birane ta jiharku.

Kuɗin fa, daga ina?

Kashi-kashi. Fenti da buɗe hanyar iska da dashen itace aikin gayya da karo-karo sun isa. Fankoki da fitilu a ware wani kaso daga kuɗin hayar biki. Sola ce ake kai wa 'yan unguwa masu hali da na ƙasashen waje da ɗan majalisa, kuma takarda mai lissafi da hoton abinda kuka riga kuka yi da kanku ta fi saurin buɗe aljihu akan zuwa hannu rabbana. Ku karɓi farashi a rubuce daga mutum uku, kar a biya duka kafin a gama, a riƙe wani abu sai an gwada da taro na gaske. Kuma a liƙa lissafin shiga da fita a bakin ƙofa, yawancin rigimar kwamiti daga rashin wannan take farawa.

Bayan an gama wa zai kula?

A naɗa mutum ɗaya da sunansa a riƙa bashi ɗan alawus, in akace kowa ne mai kula to babu mai yi. Aikinsa wanke faranti da sassafe ko da yamma, da hunturu kamar sau ɗaya a mako domin ƙura tana rage wutar sosai, da ruwa da tsumma mai laushi banda omo da soson ƙarfe, sai duba inbata da kashe komai bayan taro. A yi wa batir da inbata keji na walda, farantan a ɗaure da kusoshin da basa kwancewa da sauƙi. A rubuta a bango ɓaro-ɓaro cewa banda dutsen guga da hita da tukunyar lantarki, domin ranar walima dole wata Hajiya zata zo da abin dafa ruwa. Duk wata kuma a ajiye wani abu a asusu daban na canjin batir. Wutar da ke rara da rana in babu taro ana iya cajin waya da ita ko a sa firiza ɗaya ta ƙanƙara, kuɗin su shiga wannan asusun.

Wane lokaci ya fi dacewa a yi aikin?

Aikin rufi daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, ruwa ya ɗauke kuma masu aiki zasu iya tsayawa a sama, fentin dai a zaɓi ranar da babu hazo sosai. Ana so a gama kafin zafin Maris. Itatuwa kuma a bari sai farkon damina wajen Yuni, a kewaye su da kara ko raga saboda awaki. Ku duba kalandar bukukuwa ma, makonnin kafin azumi da bayan sallah ɗakin baya zama, kar a buɗe rufi alhali an karɓi kuɗin hayar wani.